Darasi na 7: Gwarar Dawa Mai Ruwan Ɗorawa

Duk mai bin hanyar Kusuri zuwa Waza a arewacin Kamaru, ko mai noma a bakin Tafkin Chadi, ya sha ganin wannan tsuntsuwa. 'Yar mitsitsiya ce, tsawonta santimita 12 zuwa 13. Namijin, kansa da cikinsa ruwan ɗorawa ne shar, bayansa ja mai duhu. Idan damina ta kankama, bakinsa sai ya koma baƙi. Macen ba ta da ado, launin rairayi gare ta, in ta sauka ƙasa sai ka zuba ido kafin ka gan ta. Ana samunta tun daga Sanigal har Sudan. Ba ta zama wuri ɗaya, inda ruwa ya sauka ciyawa ta yi 'ya'ya, can take bi.

Kada mu haɗa ta da jan-baki. Jan-baki ne ke zuwa kamar hadari ya kwantar da gonar masakwa. Gaskiya ne, gwarar dawa ma tana taɓa gero in ya fara ido, manomi kuwa yana da hakkin kare guminsa. Amma yawancin shekara tsabar ciyawa take ci.

Ku lura da ita da damina. Sukan taru da yawa su yi sheƙa a kan aduwa da sauran itatuwan ƙaya. Da tsinkayen ƙaya ake saƙa sheƙar, a rufe sama, a bar 'yar ƙofa, ciki kuma a shimfiɗa ciyawa mai laushi. Macen takan yi ƙwai 3 ko 4. Da 'ya'yan sun ƙyanƙyashe, uwa da uba sai kai da kawo, bakinsu cike da tsutsa da ƙananan fari. Waɗannan ƙwarin, ai su ne masu cin ganyen amfaninmu.

Har yanzu tana da yawa, alhamdu lillahi. Abin da ke damunmu shi ne gidanta. Ana sare aduwa don itace da gawayi. Ana cinna wa daji wuta da rani, tsabar ciyawa ta ƙone ƙurmus, tsuntsu ya rasa, dabba ma ta rasa. Maganin feshin da ake yi wa jan-baki kuma ba ya zaɓe.

In za a yi sassabe, a bar aduwa tsaye, a rage mata rassa kawai, ban da lokacin sheƙa. A share iyakar gona kafin a ƙona shara. A kori tsuntsaye da gwangwani da majajjawa, kada a zuba guba a bakin ruwa, don akuya ma nan take sha. Iyaye, a hana yara kwasar ƙwai.

Aikin gida: ka duba gonarka ka ƙirga itatuwan aduwa, ka rubuta adadin a littafinka. A ƙarƙashinsa ka rubuta: gwara, sheƙa, ƙaya, ciyawa.