Yadda Za Ka Ga Tarihin Gidan Zanen Nike a Legas

Idan ka shiga Legas kana son ganin gidan zane-zanen Nike da ke Lekki, ka ware masa safiya guda cif, kuma a ranar aiki. Ka fito da wuri, don cunkoson hanyar Lekki zuwa Epe ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Ka sauka a Ikate, ka tambayi hanyar Elegushi. Farin bene ne mai hawa biyar, ba ka ɓata. Shiga kyauta ce.

Kafin ka taka ƙofar, ka riƙe shekaru uku a kanka: 1951, 1983 da 2009. A ta farko aka haifi mai gidan, Nike Davies-Okundaye, a Ogidi da ke jihar Kogi ta yanzu. Mahaifiyarta ta rasu tana 'yar ƙarama, a hannun tsofaffin gidansu ta koyi saƙa da rini. A 1983 ta buɗe cibiya a garin Osogbo da ke jihar Osun ta yanzu tana koya wa matasa sana'a ba tare da karɓar ko sisi ba. Benen Lekki kuwa sai 2009 ya zo. Wato ginin da kake kallo daga baya ya zo, an yi shekara ashirin da shida ana koyar da mutane kafin a samu wannan bangon rataye aikinsu.

Shawarata, kada manyan zane-zanen fenti su fara ɗauke maka hankali. Ka nemi shuɗin ƙyallen da Yarabawa ke kira adire tukuna, don daga nan komai ya taso. Ni a kusa da Ƙofar Mata na tashi a Kano, warin baba da toka na marina ba baƙona ba ne, amma ranar da na fara riƙe adire a hannuna sai da na daɗe a tsaye. Mu mun fi sanin ɗauri: a ƙulle ƙyalle da zare, a tsoma a karofi, a kwance a ga fure. Su ma suna da wannan, suna ce masa oniko. Sai dai akwai eleko, wanda ake dama ƙullun rogo, mace ta ɗauki gashin kaza ta zana tsuntsu ko ƙadangare a kan farin yadi, a bari ya bushe, sannan a rina. Duk inda ƙullun ya taɓa, baba ba ya kamawa sosai. Ka kai idonka kusa, za ka ga inda hannun ya ɗan karkace, da inda ƙullun ya tsage shuɗi ya ratsa siriri kamar jijiya. Na inji ba ya da wannan. Ka juya bayan ƙyallen kuma, za ka tarar ya fi gaban duhu.

Daga nan sai ka hau sama a hankali, hawa-hawa. Ayyukan sun kai dubbai, sun cika bango har gefen matakala, wasu ma a jingine a ƙasa. Ba za ka iya kallon duka ba, kada ma ka gwada. A kowane hawa ka zaɓi uku, ka duba sa hannun mai zanen da shekarar da ke ƙasan aikin, ka rubuta a wayarka. Da ka sauko ka jera su, za ka ga zamani yana bin zamani.

Ma'aikatan wurin suna amsa tambaya, don haka ka tambaya. Ka ce a nuna maka aikin 'yan Osogbo, waɗanda suka taso a shekarun 1960 ta hannun Ulli da Georgina Beier, Turawan da suka shirya azuzuwan koyon zane a garin, irin su Jimoh Buraimoh mai zane da duwatsun ado. Sannan ka tambayi na waɗanda suka yi karatu a Zariya. A 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiya a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, suka ce ba za su ci gaba da kwaikwayon Turawa kawai ba. Yana yi mini ciwo yadda yawancinmu 'yan Arewa ba mu san cewa a ƙasarmu aka kunna wannan wutar ba.

Ka tuna kayan nan na sayarwa ne, ba na ajiya kaɗai ba. Abin da ka gani bana mai yiwuwa baɗi yana falon wani. Ka nemi izini kafin ka ɗauki hoto, kada kuma ka shafa fenti da hannu.

In ka yi sa'a za ka tarar da ita kanta Mama Nike, da ƙaton gwaggwaronta, tana tarbar baƙi. Ka rusuna ka gaishe ta kamar yadda za ka gai da kakarka. Idan ta ba ka lokaci, ka tambaye ta sunan zanen da ke jikin rigarta, domin zanen adire yana da suna, kuma sunan yana da labari.