Shawara ga masu yawon tarihi a Krakow

'Yan'uwa, duk wanda zai bi ɗan jagora zagayen unguwar Yahudawa a Krakow ta ƙasar Folan, ya tambaya tun farko ko za a tsallaka kogin Vistula. Wasu 'yan jagora a Kazimierz, tsohuwar unguwar Yahudawa, suke tsayawa, suna ta nuna lungunan da mai shirya fim Spielberg ya ɗauki fim ɗin Schindler's List na 1993. Alhali unguwar da 'yan Nazi suka killace Yahudawa daga 1941 zuwa 1943 tana Podgorze, a ɗaya gaɓar. Can ma masana'antar Schindler, Bajamushen da ya ceci Yahudawa daga 'yan Nazi, take, yanzu gidan tarihi ce. Ku sayi tikiti ta intanet da wuri, yakan ƙare. Ku kauce wa Asabar, wurin ibadar Yahudawa na Remuh da ke Kazimierz a rufe yake. Maza kuma a tafi da hula don shiga wurin ibadar.