Yadda Ake Tattara Shaidar Ɓarna Kafin Neman Diyyar Inshora

Jami'in da kamfanin inshora ke turowa ya kiyasta asara abu uku yake son tabbatarwa: me ya jawo ɓarnar, ina ta tsaya, kuma nawa ne darajar abin da ya lalace. Abin da bai gani da idonsa ko a takarda ba, da wuya ya shiga rahotonsa. Yawancin shaidar kuwa a awannin farko take salwanta, lokacin da ake ta shara da kwashe tarkace.

Da farko a tabbatar wurin ba haɗari. Idan ruwa ne ya shiga, a kashe wutar lantarki daga babban makunni kafin a taka ƙasa. Daga nan a ɗauki hoto kafin a taɓa komai.

Kowace ɓarna tana buƙatar hoto iri uku. Na nesa, daga bakin ƙofa da kowace kusurwa, wanda zai nuna ɗakin gaba ɗaya. Na tsakiya, wanda zai nuna bangon ko kayan da abin ya shafa tare da abin da ke kewaye da shi. Sai na kusa, da tef ɗin awo a jikin tsagewar ko ramin. Hoton kusa shi kaɗai ba ya amfani sosai, domin tabon ruwa a silin zai iya zama na kowane gida. Idan ambaliya ce, a auna tsayin layin da ruwa ya bari a bango, ciki da waje, kafin a goge shi. Idan gobara ce, a ɗauki har ɗakunan da wuta ba ta kai ba amma hayaƙi ya shiga.

Ana iya rasa diyya idan ba a tabbatar da musabbabin ɓarnar ba. Inshora yawanci tana biyan abin da ya auku farat ɗaya, ba lalacewar da ta zo sannu a hankali saboda tsufa ko rashin gyara ba. Don haka idan bututu ya fashe, a roƙi mai gyara ya yanko guntun da ya fashe, a adana shi, ya kuma rubuta abin da ya gani, da kwanan wata da sa hannunsa. Guntun nan ne zai raba gardama tsakanin fashewa da daɗaɗɗen yoyo.

Bayan hotuna, wajibi ne a hana ɓarnar ƙaruwa: a rufe rufin da tamfol, a tsane ruwa, a buɗe tagogi. Fumfuna na iya fara fitowa cikin awa 24 zuwa 48 a wuri mai danshi, kuma kamfani na iya ƙin biyan abin da sakaci ya ƙara. A ajiye rasiɗin duk abin da aka kashe. Amma gyara na dindindin ya jira zuwan jami'in, kayan da suka lalace ma kada a zubar.

Jerin kaya a yi shi ɗaki-ɗaki: sunan abu, kamfanin da ya ƙera shi, samfuri, lambar da ke jikinsa, shekarar saye, da kuɗinsa. In rasiɗi ya ƙone, bayanan banki ko tsohon hoton da kayan ya fito a ciki na iya tsayawa a madadinsa. Shekarar saye tana da muhimmanci, domin wasu yarjejeniyoyin kuɗin sabo suke biya, wasu kuma sai an cire ragin tsufa, wato darajar da kayan suka rasa saboda daɗewa.

A sanar da kamfani cikin wa'adin da takardar yarjejeniya ta tanada, a karɓi lambar buƙatar diyya. Sata tana buƙatar rahoton 'yan sanda, gobara kuma na 'yan kwana-kwana. Wajen tura hotuna, WhatsApp na rage ingancinsu ya kuma cire bayanan lokacin da aka ɗauka, sai dai in an tura su a matsayin fayil. Imel ya fi, kuma a bar na asali a waya ba tare da an taɓa su ba.