Idan Ambaliya Ta Hana Daraktoci Haɗuwa

Tun ambaliyar 3 ga Yunin 2015, 'yan Accra sun san dare ɗaya ya isa hanyar Circle (babban shataletalen Kwame Nkrumah) ta toshe. Daraktocin kamfani a Nima, ga matakai.

Da farko, sakatare ya duba kundin dokar kamfanin: mutum nawa ke halatta zama? Sai a haɗu ta waya, kowa ya amsa sunansa da bakinsa.

A fara da lafiyar ma'aikata. Sannan a wakilta mutum biyu su riƙa fitar da kuɗin gaggawa, a yanka musu iyaka. Daraktan da ƙaninsa ke neman kwangilar gyara ya janye daga maganar, ko da Alhaji babba ne. Nan aka fi jin nauyi.

Mutum ɗaya ya tuntuɓi NADMO, hukumar agajin bala'i ta Ghana, da kamfanin inshora. Kowace shawara a rubuta ta a ranar.