Darasi na 7: Abin da Ganyen Tumatir ke Faɗa Maka

A darasin da ya wuce mun cika buhu da ƙasa, mun huda gindinsa, mun dasa tumatir a tsakar gida. Yau za mu duba abin da ake yi idan shukar ta fara rashin lafiya.

Tumatir na gona yana miƙa saiwarsa ya nemo abinci daga nesa. Na buhu kuwa ɗan kurkuku ne, abin da ka zuba masa shi zai ci. Shi ya sa yunwa take saurin nunawa a jikinsa, ƙoshi ma haka.

Wata ɗalibarmu ta taɓa zuwa aji da ganye uku ƙulle a bakin mayafinta, duk sun yi ɗorawa. Ta ce, "Malam, na zuba taki sau biyu, abin sai gaba yake yi." Na tambaye ta sau nawa take ba shi ruwa. Ta ce safe, rana da yamma. Ashe ba ta huda buhun ba, saiwar tana zaune cikin caɓi. Saiwar da ruwa ya shaƙe ba ta iya shan taki, ko da buhu guda aka juye mata. To kafin ka taɓa taki, cusa yatsanka cikin ƙasar har gaɓa ta biyu. In ka ji danshi, kada ka ba shi ruwa sai gobe.

In ba laifin ruwa ba ne, sai tambaya ta gaba, wadda ita ce zuciyar wannan darasi: wane ganye ne ya fara lalacewa, na ƙasa ko na sama?

Ga dalili. Akwai abincin da shuka take iya kwashewa daga tsohon ganye ta kai wa sabon toho, kamar uwa da ke rage tuwonta ta ba yaro. Irin wannan yunwar a ganyen ƙasa take fara bayyana. Akwai kuma wanda in ya shiga ganye ya zauna ke nan, ba ya ƙaura. Ƙarancinsa a sabon toho ake ganinsa.

Mu fara da na ƙasa. Idan tsofaffin ganye sun yi ɗorawa gaba ɗaya, shukar ta rame, ba ta girma, naitirojin take nema. Shi ne harafin N da ke jikin buhun taki. Takin yuriya yana da shi da yawa, kashi 46 cikin 100, don haka hannu ya yi sauƙi. Narka yuriya rabin murfin kwalbar lemo cikin ruwa, ka zuba nesa da kara kamar faɗin tafin hannu. Ganyen da ya riga ya yi ɗorawa ba lallai ya dawo ba. Sabon da zai fito bayan mako guda shi za ka duba.

Idan bakin ganyen ne ya ƙone ya yi ruwan ƙasa, tsakiyarsa kuma kore, sai a zargi harafin K, wato fotashiyam. Wannan ya fi faruwa lokacin da tumatir ya ɗauki 'ya'ya. Kamfa, takin zamani mai lamba 15-15-15 (wato kason N da P da K), tana maganinsa, murfi ɗaya ga kowane buhu, kimanin giram 5 zuwa 6. Tokar murhu ma tana da shi. Idan kuwa bayan ganyen ya koma shunayya, wato ja mai duhu kamar shuɗi-shuɗi, harafin P, wato fosfaras, ne ya yi ƙaranci. Da sanyin hunturu ana yawan ganin haka ko da takin yana nan, domin saiwa ba ta jan shi sosai a ƙasa mai sanyi. Rana ta buɗe, sau da yawa ya wuce da kansa.

Yanzu na sama. Sabon toho ya fito fari-fari, jijiyoyinsa kawai ne kore: sinadarin ƙarfe ne ya gagari shukar. Yawanci ƙarfen yana cikin ƙasar, an dai kulle shi ne. Mai kulle shi kuwa sau da yawa tokar nan ce da muka yaba ɗazu, idan aka labta ta ba awo. Ni dai ba na wuce ɗan barbaɗe, cikin cokali ɗaya. Dakatar da toka, ka ƙara ruɓaɓɓen taki.

Sai baƙin tabon da ke fitowa a gindin ɗan tumatir, ya lotsa kamar an ɗana masa wuta. Mutane suna cewa tsutsa ce, su sayi magani su fesa a banza. Sinadarin kalsiyam ne bai kai ga ɗan ba, kuma ruwa ne ke kai masa shi. Yau a jiƙa buhu sharkaf, gobe da jibi a manta da shi, nan da nan tabon zai fito. Tsinke waɗanda suka kamu, ka tsayar da lokacin ban ruwa.

Yawan taki kuma nasa ciwon daban. Tsinin ganye ya ƙone, farin gishiri ya taso a saman ƙasa, shuka ta yi yaushi alhali akwai danshi. Ɗanyen kashin kaji yana yin wannan ɓarna, don haka a bar shi ya ruɓe tukuna. In an riga an yi, zuba ruwa mai yawa har ya riƙa tsiyaya ta hujin buhu, ka yi mako biyu ba taki.

Juya ganyen ma ka leƙa bayansa. Ƙananan fararen ƙudaje da ganye mai nannaɗewa, ko farin zane a cikin ganye irin na tsutsar da manoma ke kira Sharon, wadda ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna a 2016, waɗannan ba yunwa ba ce. Su ne darasi na 8.

Aikin gida: tsinko ganye ɗaya mara lafiya. Rubuta a littafinka ko na sama ne ko na ƙasa, da launinsa, da ranar da ka zuba taki na ƙarshe. Nemo buhun taki ka kwafo lambobi ukun da ke jikinsa, mu karanta tare ranar Asabar.