Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Kiran Hoto "HD"

Mutane da yawa in hoto ya burge su sai su ce "wannan HD ne". Kuskuren farko ke nan, domin kalmar lissafi ce. Kowane hoton waya ko kwamfuta an gina shi ne da ƙananan ɗigo da ake kira fiksel, yawansu a kwance da tsaye kuma shi ne rizolushan. HD na nufin 1280 a kwance, 720 a tsaye. Full HD 1920 ne da 1080, 4K na talabijin kuwa 3840 da 2160, wato sama da fiksel miliyan 8. Hoto na iya cika wannan adadi amma ya fito dishi-dishi saboda hannu ya yi rawa ko haske bai isa ba. In kyansa kake son yabawa, ka ce ya fito tar.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne jan hoto. Mutum ya ɗauko ɗan ƙaramin hoto, ya kama kusurwarsa ya ja har ya cika allo, yana ganin ya mayar da shi babba. Matso ka duba idon wanda ke ciki: gashin ido ya narke, gefen kunci ya koma kamar matakala. Abin da kyamara ba ta kama ba, kwamfuta ba ta san shi ba, cike gurbi kawai take yi. Manhajojin da ke cewa suna gyarawa ma hasashe suke yi, wani lokaci har su sauya wa mutum kamanni. Mafita ita ce a nemo asalin fayil ɗin daga wanda ya ɗauka.

Shi ma asalin yakan lalace a hanya. WhatsApp na matse hoton da aka tura ta hanyar da aka saba, sikirinshot kuwa bai wuce girman allon wayarka ba. Tura shi a matsayin fayil, ko ta imel.

Sai batun bugawa a takarda. In mai bugawa ya ce yana son DPI 300, wato ɗigo 300 a kowane inci na takarda, wasu sukan je su sauya lambar DPI da ke jikin fayil ɗin daga 72 zuwa 300 su ce sun gama. Fiksel ko ɗaya bai ƙaru ba. Ninka girman takardar da 300: hoto mai inci 4 da 6 na buƙatar fiksel 1200 da 1800. In naka bai kai ba, ka rage girman da za a buga.