Cefanen mako a Yamai: kurakuran da ke cinye kuɗi, su lalata miya

Yawancin matan da suka gwada shirya abincin mako a Yamai suka watsar, ba ƙyuya ce ta sa su ba. Abin da suka shirya ne bai dace da garin ba. Mace za ta wuni Lahadi a madafa, ta dafa miya iri uku da shinkafa tukunya guda, ta jera robobi a firigo kamar yadda ta gani a waya. Kafin Laraba miya ta yi tsami, maigida ya ce shi ba ya cin abincin da ya kwana uku, sai a koma gidan jiya, ana aiken yaro shago da dala hamsin a hannu.

Babban kuskuren shi ne dafa abincin mako dukansa a rana ɗaya. Masu yin haka a waya suna garuruwan da ba a ɗauke wuta. Mu nan, a watan Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, kuma a lokacin ne wutar ta fi yin wasa. Dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa 2 a waje ba, a irin wannan zafi ma awa ɗaya ta isa. Firigon da aka ɗauke wa wuta yana riƙe sanyi kamar awa 4 in ba a buɗe shi ba, to wane gida mai yara ne ake awa 4 ba a buɗe don ruwan sanyi ba? Ko wuta ta tsaya lafiya lau, kwana 3 zuwa 4 ne iyakar dafaffen abinci a firigo.

Abin da za ki shirya na mako shi ne wahalar girkin. Duba abin da ke cinye miki lokaci in kin taso daga aiki ko kasuwa: surfe, kai niƙa, tankaɗe, tsince wake, niƙan kayan miya, jiran tumatir ya tsotse, jiran nama ya yi laushi. Tuƙa tuwo da kaɗa miya ba su ne matsala ba, in komai na kusa, minti 30 ya ishe su. Saboda haka waɗancan ayyukan za ki kwashe ranar hutu.

Fara da jajjagen miya. Haɗa tumatir, tattasai, albasa da attarugu a niƙa su tare, a zuba a tukunya ba mai, ba ruwa, a bar shi ya tafasa har ruwan jikinsa ya ƙone. Za ki san ya kai in ya daina zaɓalɓala ya koma tsalle yana fallatsa a bakin tukunya, in kin ja muciya kuma ki ga ƙasan tukunyar kafin ya rufe. Sannan a zuba mai, a soya har man ya taso sama, launin ya yi duhu, ƙamshin tsami ya tafi. Nan da yawa suke gaggawa, su sauke shi da sauran ruwa, shi ya sa yake kumfa bayan kwana biyu. Idan ya huce, raba shi a ƙananan robobi, kowace roba ta tukunya ɗaya. Biyu a firigo, sauran a wajen ƙanƙara. Daga wannan jajjagen ake fitar da dafa-duka ranar Litinin, miyar kuɓewa Talata, wake Laraba, ba wanda zai ce abinci ɗaya ake maimaita masa. Nama ma haka: a tafasa da albasa da gishiri, a soya shi ya bushe, a ƙulla kashi-kashi, ruwan naman a sa shi ya ƙanƙare daban.

Kada a cusa katuwar tukunya da zafinta cikin firigo, tsakiyarta ba ta yin sanyi da wuri, kuma tana ɗumama abin da ke kusa da ita. Abin da ya narke har ya rasa sanyi, a dafa shi yau, ba a mayar da shi.

Wadda ba ta da firigo kada ta ce wannan magana ba tata ba ce. Iyayenmu sun ciyar da gida da kuka, busasshiyar kuɓewa, kauɗar tumatir, gabu, daddawa, ƙuli-ƙuli da busasshen kifi, babu ɗayansu da ya san wuta ta zo ko ta tafi. Daka su a jere su a kwalabe masu murfi, rabin aikin mako ke nan. Zogale ma in an shanya shi a inuwa yana jira, ranar da aka gaji a jiƙa shi a tafasa, a yi dambu ko kwaɗo.

Sai garin tuwo. Ana dawowa da shi daga inji da zafinsa a juye a bokiti a rufe, gumi ya kama shi, ya dunƙule ya yi wari. A baza shi a faranti ya sha iska tukuna. Kuma garin hatsi, wato gero, yana da mai a jikinsa, ba ya jure ajiya kamar na masara, yakan yi ɗaci. Na mako ɗaya za a niƙa, ba na wata ba.

Kuskure na gaba ba a madafa yake ba, a aljihu yake, kuma maza na da kaso babba a ciki. Cefanen kullum na ƙulle-ƙulle, man dala ashirin, magi na dala goma, tumatirin leda, shi ne cefane mafi tsada a garin nan, don kowane ƙulli da ribarsa. Ba a jin zafinsa ne saboda kaɗan-kaɗan yake fita. Amma dala ɗari kullum, wato sefa 500, jika 3 da rabi ne a mako, jika 15 a wata. Mai albashi ba shi da hujjar sayen mai a leda alhali litar da zai saya a kasuwar Katako ko ta Wadata ta fi sauƙi. Maganar kuma ba ta faɗa ba ce. Ki zaunar da maigida da takarda: “Baban Hadiza, ga abin da muka kashe a shago makon nan. In ka haɗa mini na kwana bakwai ranar Asabar, zan sayo mai da shinkafa da wake a dunƙule, ka ga abin da zai rage.” Lissafi a rubuce ya fi ƙorafi saurin shiga kunne. Wanda samunsa na kullum ne, sai ya fita zai samo, ba a ɗora masa abin da ba zai iya ba. Shi hanyarsa adashin mako, ko makwabta uku su haɗa su sayi buhu su raba da tiya.

Wasu kuma sun ji an ce saye a dunƙule, sai suka wuce gona da iri. An ga tumatir ya faɗi lokacin sanyi, aka ɗauko kwando, rabi ya ruɓe a bayan ƙofa. In ba ki da lokacin yanka shi ki shanya ko ki soya a ranar, bar shi a kasuwa. Albasar Galmi tana araha in an kwashe ta a farkon bazara, kuma tana ajiyuwa, amma ba a cikin leda ko buhun roba a ƙulle ba. A baza ta a inuwa inda iska ke ratsawa, ana dubawa ana cire mai laushi, kada a haɗa ta da dankalin turawa. Hatsi da wake a kaka ake sayensu, kafin farashi ya hau da damina.

Waken nan shi ne naman talaka, shi ne kuma aka fi asara a kansa. Ana ajiye shi a buɗe, wata biyu ya koma ramuka da gari. Ƙwaron wake ba ya rayuwa inda babu iska: a shanya waken ya bushe ƙarau, a cika jarka mai tsabta har baki, a ɗaure murfi da leda, kada a riƙa buɗewa kullum. Na mako a ɗebe a kwano daban. Gyaɗa da masara kuwa, duk wadda ta yi danshi ta yi fumfuna a zubar, kada a ce ai za a soya. Dafin fumfunar yana cutar da hanta, kuma wuta ba ta kashe shi.

Shinkafar da ta kwana a waje ma tana da irin wannan haɗari. Akwai ƙwayar cuta da ke tsira daga dahuwa, in shinkafar ta jima a ɗumi sai ta saki guba, ɗumame kuma ba ya kawar da ita. Shi ya sa ba na son a sa shinkafa cikin abin da ake dafawa a ajiye. Minti 20 take nuna, a dafa ta a ranarta.

Gas yana ƙarewa da wuri a gidan da ake ɗora wake ba a jiƙa ba, ana dafa nama tukunya a buɗe, wuta tana lasar gefen tukunya. Jiƙa wake tun dare, rufe tukunya, rage wuta da zarar ta tafasa.

Akwai kuma masu tsara kwana bakwai cif, kamar gidan ba a Yamai yake ba. Nan baƙo daga ƙauye ba ya sanarwa, ga suna, ga biki, ga kwanon da makwabciya za ta aiko. Tsara kwana biyar, ki bar biyu a sake, ki riƙa ajiye jajjage ɗaya da taliya na ko-ta-kwana. Kuma aikin Lahadin nan ba na mutum ɗaya ba ne. Macen da ta yi shi ita kaɗai sau biyu, na uku ba za ta sake ba. Yarinya mai shekara goma tana tsince wake, yayanta namiji yana kai niƙa ya dawo, maigida ya biya ta wajen mahauci da safe kafin rana ta ɗaga, a gama kafin azahar.